Baƙon Kwak: Shaidar Da Ake Nema A Tokar Wuta Mafi Zafi A Duniya

A ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da birnin Jeniba, akwai wani rami da ya yi zobe, tsawonsa kilomita 27. A cikinsa ne cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, ta girke na'urar da ake kira LHC. Mafi yawan lokaci furoton ake harbawa a cikinta, amma akan ware kimanin wata guda, galibi dab da ƙarshen shekara, a sauya harsashi. Sai a ɗauko dalma, a gasa ta har ta yi tururi, a tuɓe wa kowace zarra ilektiron ɗinta kaf, a bar cibiyarta tsura. Daga nan a kora cibiyoyin ayari biyu, wannan ya bi ta dama, wancan ta hagu, da gudun da saura ƙiris ya kamo na haske, har su yi karo.

Cibiyar zarrar dalmar tana ɗauke da furoton 82 da nutiron 126, jimilla 208. Kowane ɗayansu an gina shi ne da wasu ƙwayoyi uku da ake kira kwak, kuma iri biyu ne kacal: na sama da na ƙasa. Jikin mutum, ƙasar noma, ruwan sha, duk daga waɗannan biyun suke, tare da ilektiron. To amma idan cibiyoyi biyu suka gwabza gaba da gaba, ƙwayoyi masu cajin lantarki fiye da 20,000 ne ke tarwatsewa, kuma a cikin tarkacen ana samun dubban wani kwak na uku da ba ya cikin asalin ginin dalmar. Shi ne masana suke kira baƙon kwak.

Idan maƙeri ya zuba ƙarfe zalla a wuta, ya dawo ya tarar da tagulla a cikin toka, ya san ba daga buhunsa ta fito ba. Wutar ce ta yi wani aiki da ya kamata a bincika. Haka masana fiziks suke kallon baƙon kwak. Tun da ba a shigo da shi ba, duk wanda aka ƙirga a nan aka haife shi, kuma yawansa zai faɗi irin wutar da ta haife shi. Kimanin shekara 40 ke nan ana wannan ƙirga. Ta ba da amsar da aka nema, sannan ta ɓullo da tambayar da ta fi ta farko wuya.

Sawun da ya rikita masana

A watan Disamba na 1947, George Rochester da Clifford Butler na Jami'ar Manchesta a Ingila suka wallafa hotuna biyu da suka ɗauka a wani akwati mai cike da tururi, inda duk ƙwaya mai caji da ta ratsa take barin siririn sawu. Ƙwayoyin da ke faɗowa daga sararin samaniya suke farauta. A hoto ɗaya, sawu biyu sun ɓullo daga inda babu komai, sun rabu kamar harafin V. Wato wata ƙwaya marar caji, wadda ba ta barin sawu, ta yi 'yar tafiya sannan ta fashe gida biyu. Nauyinta kimanin rabin na furoton ne, kuma ba a san da ita ba. Cikin 'yan shekaru aka tara ire-irenta da dama, har da waɗanda suka fi furoton nauyi.

Halinsu ne ya ɗaure kai. Ana haifarsu da yawa cikin sauƙi, alamar cewa aikin ƙarfin nan ne mai tsanani da ke ɗaure cibiyar zarra. Abin da wannan ƙarfi ya haifa kuwa, nan take yake rusa shi. Su kuma waɗannan sai su rayu kimanin kashi ɗaya cikin biliyan 10 na sakan. A idon mutum ba komai ba ne, amma ya ninka abin da ake tsammani sau tiriliyan 10. Ruwa ba ya tsami banza.

A 1952 Abraham Pais ya kawo shawarar cewa bibbiyu ake haifarsu. A 1953 Murray Gell-Mann a Amurka, da Kazuhiko Nishijima da Tadao Nakano a Japan, suka gano ƙa'idar: waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da wata siffa da ake ƙirgawa kamar caji, wadda aka sa wa suna baƙunta. Ƙarfi mai tsanani ba ya ƙara ta, ba ya rage ta. In ya haifi mai baƙunta, dole ya haifi mai kishiyar baƙunta tare da ita, lissafi ya koma sifili. Da zarar sun rabu, kowace ta rasa hanyar mutuwa da sauri, sai ta jira wani ƙarfin daban, mai rauni da jinkiri, wanda shi kaɗai ke iya karya ƙa'idar.

A 1962 Gell-Mann ya ce akwai wata ƙwaya mai baƙunta uku da ba a gani ba tukuna, ya faɗi cajinta da nauyinta. A 1964 ayarin Nicholas Samios ya same ta a cibiyar Brookhaven da ke jihar Niyok: Omega ke nan. A shekarar ce kuma Gell-Mann da George Zweig, kowa a nasa ɓangaren, suka ce da kwak aka gina duk waɗannan ƙwayoyi. Ashe baƙunta ba komai ba ce illa adadin baƙon kwak da ke cikin ƙwaya. Kayon, irin wadda aka fara gani a Manchesta, tana da ɗaya, Lamda ma ɗaya, Kisai biyu, Omega uku cif.

Ɗaurin da zafi ke kwancewa

Har yau ba wanda ya taɓa kama kwak shi kaɗai. Wasu ƙwayoyi da ake kira gulon ne ke ɗaure su, kuma ɗaurin ba ya saki idan aka ja. Makamashin da aka kashe wajen ja ne ma yake rikiɗa ya zama sabon kwak da kishiyarsa, a tashi da ƙwayoyi biyu maimakon kwak guda. Sai dai a 1973 David Gross da Frank Wilczek da David Politzer suka nuna cewa ɗaurin yana sassautawa idan kwak suka matsu da juna sosai, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. A 1975 John Collins da Malcolm Perry, da kuma Nicola Cabibbo da Giorgio Parisi, suka fito da abin da hakan ke nufi: in aka matse abu ko aka zafafa shi ya wuce wani mataki, furoton da nutiron za su narke, kwak da gulon su yi yawo a sake. Edward Shuryak ne ya raɗa wa wannan yanayi suna filazmar kwak da gulon a 1978.

Lissafin manyan kwamfutoci na yanzu ya sa matakin narkewar a kusan MeV 156. MeV ma'aunin makamashi ne da masu wannan fanni suke auna nauyi da zafi da shi. Furoton, alal misali, nauyinsa MeV 938 ne. MeV 156 ya yi daidai da digiri tiriliyan 1.8, wato ya ninka zafin tsakiyar rana fiye da sau 100,000. A lissafin masana sararin samaniya, a wannan yanayi halitta duka take a farkon fari, har zuwa kimanin kashi 10 cikin miliyan na sakan, kafin ta huce furoton da nutiron su daskare.

Matsalar mai gwaji a nan take. Ɗigon filazmar da karo ke haifarwa bai wuce girman cibiyar zarra da yawa ba, kuma yana hucewa tun kafin haske ya ratsa faɗin zarra guda. Ba na'urar da za ta gan shi. Abin da ke isowa ga na'ura ƙwayoyi ne da suka riga suka daskare. Ta yaya za a san sun taɓa narkewa?

Lissafin 1982

Johann Rafelski ya fara bin wannan tambaya tare da Rolf Hagedorn na CERN wajen 1980. A 1982 shi da Berndt Müller, dukansu suna Jami'ar Frankfurt a Jamus, suka wallafa gajeriyar maƙala a mujallar Physical Review Letters. Hujjar ta tsaya kan abu uku.

Na farko, farashi. Idan furoton biyu suka yi karo ba su narke ba, hanya mafi araha ta samar da baƙunta ita ce ɗayansu ya rikiɗa ya zama Lamda, mai nauyin MeV 1,116, a haifi kayon mai nauyin 494 a gefe. Ƙarin da za a biya ya kai MeV 670. A cikin filazma kuwa ba sai an sayi ƙwaya sukutum ba. Baƙon kwak da kishiyarsa kawai za a biya, kowanne kimanin MeV 95 a ƙiyasin yau, jimilla ƙasa da 200, abin da zafin wurin zai biya ba wahala.

Na biyu, sauri. Lissafinsu ya nuna cewa haɗuwar gulon biyu tana haifar da baƙon kwak da kishiyarsa da saurin da ya zarce na sauran hanyoyi nesa ba kusa ba, filazma kuwa maƙil take da gulon. Don haka ko a ɗan ƙanƙanin lokacin da take raye, za ta iya ƙoshi da baƙunta. Taron ƙwayoyin da ba su narke ba zai buƙaci lokaci ninki-ba-ninki, kuma wutar za ta mutu kafin nan.

Na uku, wanda ya fi amfani ga mai gwaji, cunkoso. Kafin a samu Omega a taron ƙwayoyi na yau da kullum, sai an bi mataki-mataki: a yi Lamda, ta yi karo da wata ta zama Kisai, ita ma ta sake karo ta zama Omega, kuma a kowane mataki tana iya lalacewa. Kishiyar Omega ta fi haka wuya. Amma inda baƙon kwak yake birjik a sake, uku su tsinci juna lokacin daskarewa ba abin mamaki ba ne. Hasashen, wanda Peter Koch da Müller da Rafelski suka faɗaɗa a 1986, hawa-hawa ne: Lamda za ta ƙaru, Kisai ta fi ta ƙaruwa, Omega ta fi kowa.

Akwai dalilin da ya sa cikin kwak shida da aka sani wannan ne ya dace da aikin. Na sama da na ƙasa nauyinsu MeV 2 zuwa 5 ne, suna ko'ina, kuma da su aka shigo. Na huɗu, wanda ake kira cam, ya kai MeV 1,270, ya fi ƙarfin zafin filazma. A bugun farko ake haifarsa. Sauran biyun sun fi shi nauyi ma. Baƙon kwak ne nauyinsa ya faɗo kusa da zafin narkewa, shi ya sa yawansa yake motsawa da yanayin wutar.

Yadda ake tsamo ta

Na'urar da aka gina musamman don karon dalma a LHC ita ce ALICE: tsawonta mita 26, tsayinta 16, nauyinta tan 10,000, tana cikin wani kogo a ɓangaren Faransa. Dabarar dai ta Manchesta ce, an ƙara mata kaifin ido. Lamda takan yi tafiyar santimita kaɗan ba sawu, sannan ta fashe zuwa furoton da fiyon, wata ƙwaya mai sauƙin nauyi. Maganaɗisu yana lanƙwasa sawun kowanne, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma daga lanƙwasar ake gane ƙarfin gudunsa. Kwamfuta sai ta nemo sawu biyu da suka haɗu a gefe da inda aka yi karo, ta lissafa nauyin uwar da za ta iya haifarsu. In ya faɗo kan 1,116, Lamda ce.

Omega mutuwarta hawa biyu ce: ta fashe zuwa Lamda da kayon, Lamdar ta ƙara gaba ta sake fashewa. Sawu uku ke nan da za a tsamo daga cikin dubbai, a haɗa su su ba da MeV 1,672. Haɗin ƙarya ya fi na gaskiya yawa, don haka ba a rantsuwa kan ƙwaya guda. Sai an tara miliyoyin karo, a zana nauyin duk abin da aka haɗa, a ga tudu ya taso daidai inda ake tsammani, sannan a ƙirga abin da ya ɗara shimfiɗar ƙarya. Bayan gyaran da aka yi mata tsakanin 2019 da 2022, ALICE tana iya naɗar karon dalma har 50,000 a sakan guda.

Dalma ta ba da amsa

Tun kafin LHC aka fara gwajin. A 1986 na'urar SPS ta CERN ta fara harba cibiyoyin oksijin, a 1987 na farar wuta, a 1994 kuma na dalma. Gwajin NA35 ya ga baƙunta ta kusa ninkawa biyu a karon farar wuta in aka kwatanta da na furoton. Amma hawa-hawan da ake jira sai da dalma ya fito sarai. Gwajin WA97, ƙarƙashin Emanuele Quercigh, ya auna Lamda da Kisai da Omega da kishiyoyinsu, ya raba da yawan furoton da nutiron da suka shiga karon, ya kwatanta da abin da furoton guda ke yi idan ya bugi cibiya. Ƙarin yana hawa da yawan baƙunta kamar yadda aka faɗa, kuma na Omega ya kai kimanin sau 15. Magajinsa NA57 ya samu kusan sau 20 a karon gaba da gaba.

Ranar 10 ga Fabrairu, 2000, CERN ta sanar cewa gwaje-gwajenta bakwai, in aka haɗa sakamakonsu, sun ba da hujja mai ƙarfi ta samuwar sabon yanayin abu. Ta yi taka-tsantsan da lafazi, ba ta ce an rufe magana ba. Ƙaruwar baƙunta tana cikin manyan hujjojin, tare da raguwar wata ƙwaya mai suna J/psi, wadda Tetsuo Matsui da Helmut Satz suka yi hasashenta a 1986.

Masu ja

Ba kowa ne ya gamsu ba, kuma masu ja suna da tasu hujjar. Wasu masana sun lura cewa in aka ɗauka duk ƙwayoyin daga wuri ɗaya mai zafi ɗaya suka daskare, lissafi mai sauƙi yana ba da yawan kowace iri, galibi daga nauyinta. Jean Cleymans na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ya kasance cikin jagororin wannan hanya. Rafelski ma ya koyar a can a shekarun 1980, a birnin ne aka yi taron masana baƙunta na duniya a 2004, kuma Afirka ta Kudu tana cikin ALICE. A 2018 Anton Andronic da Peter Braun-Munzinger da Krzysztof Redlich da Johanna Stachel suka nuna cewa zafi ɗaya, MeV 156.5, ya bayyana yawan ƙwayoyin ALICE tun daga fiyon har zuwa ƙananan cibiyoyin zarra, kuma ya yi daidai da matakin narkewar da kwamfuta ta lissafa.

Daga wannan hanya aka juya tambayar. A 2000 Redlich da abokan aikinsa Hamieh da Tounsi suka ce wataƙila ba dalma ce ke ƙara baƙunta ba, karon furoton ne ke tauye ta. Dole baƙunta ta tashi sifili. A ƙaramin wuri, duk Omega ɗaya sai an haifi kishiyoyi uku dab da ita, abin da ke da tsada. A babban wuri kuwa, kishiyoyin na iya kasancewa ko'ina. Wannan kaɗai zai iya haifar da hawa-hawan, da filazma ko babu. Kuma da aka ƙara ƙarfin karo a na'urorin da suka biyo baya, ninkin bai ƙaru ba, raguwa ya yi, domin karon furoton da ake kwatantawa da shi ya fara samun baƙunta shi ma.

Abin da zinariya ta ƙara

Ƙarin hujja ta wata ƙofa ya shigo. A 2000 Brookhaven ta kunna na'urar RHIC, mai zagayen kilomita 3.8, tana gwara zinariya da zinariya. A Afrilun 2005 gwaje-gwajenta huɗu, STAR da PHENIX da PHOBOS da BRAHMS, suka sanar cewa abin da ake haifarwa ba iska ba ce kamar yadda aka zata. Ruwa ne mai kwarara, wanda kaurinsa bai taka kara ya karya ba. Idan cibiyoyi suka gogi juna a karkace, ɗigon yakan fi tsawo ta gefe guda, kuma matsin cikinsa ya fi tura ƙwayoyi ta gajeren gefen. Da aka auna wannan turi ga kowace iri, aka raba da yawan kwak da ke cikinta, biyu ko uku, sai sakamakon ya kusa hawa layi ɗaya. Omega da Fai, wadda baƙon kwak ce da kishiyarsa, ba sa cika karo da sauran ƙwayoyi bayan daskarewa, amma su ma sun kwarara. Ke nan tun suna kwak a sake suka ɗauki turin.

Lamda ta ƙara wani amfani. Furoton da take haifa ya fi fita ta ɓangaren da ke nuna yadda take juyi. STAR ta yi amfani da wannan a 2017 ta auna yadda ɗigon yake wulwulawa, ta samu juyi kusan 1 mai sifili 22 a gabansa a kowane sakan, abin da ba a taɓa aunawa a wani ruwa ba.

Allura ta tono garma

Duk wannan lokaci karon furoton da furoton shi ne ma'auni, wurin da kusan kowa ya yarda babu filazma. A Afrilun 2017 ALICE ta wallafa a mujallar Nature Physics abin da ta samu da ta jera karon furoton bisa yawan ƙwayoyin da kowanne ya fitar. Yawanci kaɗan suke fitarwa, amma jefi-jefi akan samu wanda ya fitar da ninkin haka sau da dama. Da aka bi jerin daga ƙasa zuwa sama, sai ga rabon baƙunta yana hawa, kuma a tsarin da aka sani: kayon kaɗan, Lamda fiye, Kisai fiye, Omega fiye da kowa. Rabon furoton, wanda ba shi da baƙunta, bai motsa ba. Da aka ɗora sakamakon karon furoton da dalma, da na dalma da dalma, a takarda ɗaya, sai suka haɗe suka zama layi ɗaya ba tsalle. Yawan abin da karo ya fitar ne ke hukunci, ba irin abin da aka gwara ba.

Manhajar PYTHIA, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Lund ta Suwidin kuma ake dogaro da ita wajen kwaikwayon karon furoton, ba ta hango haka ba. A wurinta rabon ba ya sauyawa. Masana sun rabu gida uku. Gida na farko ya ce ko a karon furoton ana haifar ɗan mitsitsin ɗigon filazma a tsakiya, kuma kason da yake da shi yana girma da yawan ƙwayoyi. Wannan ne tsarin manhajar EPOS ta Klaus Werner a Nantes ta Faransa. Masanan Lund suka ce ba sai an kira filazma ba: zaren gulon da ke tsakanin kwak, in suka yi yawa a wuri ɗaya, suna tufkewa su zama igiya mai ƙarfi, kuma igiya mai ƙarfi ta fi saurin haifar da kwak mai nauyi idan ta tsinke. Gida na uku ya ce tauyewar ƙaramin wuri ce kawai take sakin jiki yayin da wurin ke faɗaɗa.

Fai ta zama alƙali ga gida na uku. Tun da baƙuntarta sifili ce, bai kamata tauyewar ta shafe ta ba. Amma ALICE ta ga rabonta yana hawa a ƙananan karo, kamar ƙwaya mai baƙunta tsakanin ɗaya da biyu. Su ma masu ɗigon filazma suna da nasu cikas: a karon dalma, kwak mai tsananin gudu yana rasa ƙarfi idan ya ratsa filazma, alamar da ba a gani ba a karon furoton. Hujjar filazma a dalma ba ta rushe ba, domin tana da sauran ginshiƙai. Abin da ya rushe shi ne iyakar da aka shata tsakanin ƙaramin karo da babba.

Daga rami zuwa taurari

Amfanin ƙirgar bai tsaya a nan ba. Tun 1952 Marian Danysz da Jerzy Pniewski a Warsaw suka gano cewa Lamda tana iya zama cikin cibiyar zarra tare da furoton da nutiron. Karon zinariya da dalma ya zama masana'antar irin waɗannan cibiyoyi da kishiyoyinsu: a 2024 STAR ta ba da rahoton kimanin 16 na wata kishiyar cibiya mai ƙwaya huɗu, ɗayansu kishiyar Lamda, daga karo biliyan 6.

Masu nazarin taurari suna bibiyar wannan aiki saboda tauraron nutiron, gawar babban tauraro da ke tattara nauyin da ya fi na rana a dunƙule mai faɗin kilomita 20 da 'yan kai. A tsakiyarsa matsi ya isa ya sa nutiron su fara rikiɗa zuwa Lamda da 'yan uwanta. Amma lissafi ya nuna hakan zai tausasa cikin tauraron, ya rage nauyin da zai iya ɗauka. Sai ga shi a 2010 an auna wani mai nauyin rana 1.97, daga baya ma aka samu wanda ya ɗara 2. Warware wannan sai an san yadda ƙwayoyi masu baƙunta suke ja ko ture furoton da nutiron, kuma gajeriyar rayuwarsu ta sa da wuya a harba su a gwada. A 2020 ALICE ta nuna wata hanya a mujallar Nature: a ƙirga sau nawa furoton da Omega, ko furoton da Kisai, suke fitowa kafaɗa da kafaɗa da gudu kusan ɗaya, daga nan a gano ƙarfin da ke tsakaninsu. Dukansu biyun jan furoton suke yi.

Abin da ke gaba

Aiki yanzu ya kasu biyu. A Darmstadt ta Jamus ana gina FAIR, a Dubna ta Rasha kuma akwai NICA, domin karo mai ƙarancin zafi da yawan matsi, wanda ya fi kusa da cikin tauraron nutiron. A LHC kuwa hankali ya koma kan tsakiyar layin da ALICE ta samu a 2017. A tsakiyar 2025 aka gwara oksijin da oksijin, cibiya mai furoton 8 da nutiron 8, wadda ta fi furoton girma nesa, ta kuma gaza dalma nesa. Karonta yana fitar da yawan ƙwayoyi irin na furoton da dalma mafi cika, da na dalma da dalma idan suka gogi juna ta gefe, amma daga siffa daban. A nan kowane gida cikin ukun zai faɗi nasa adadin Omega da Fai, a gwada da na na'ura.

Tambayar 1982 ita ce ko filazma tana samuwa, kuma baƙon kwak ya taimaka an amsa ta. Ta yanzu ita ce: kwak da gulon nawa ake buƙata kafin taronsu ya daina halin ɗaiɗaiku ya fara halin ruwa? Wanda zai amsa ta dole ya bayyana layin nan tun daga furoton har dalma da ƙa'ida ɗaya, ya kuma haɗa da Fai. Har yanzu ba gidan da ya cika wannan sharaɗi gaba ɗaya.